Abin da Allon Kwamanda Ya Kamata Ya Nuna

Kafin a ƙera allon ɗakin ba da umarni, wato inda kwamanda yake bin motsin jirage ta na'urar rada, masana sukan fara tantance shawarar da zai yanke da ɗan lokacin da yake da shi, sannan su zaɓi abin da za a sa gabansa. Haɗarin sakaci da wannan aiki ya fito fili a 1988, lokacin da jirgin ruwan yaƙin Amurka, Vincennes, ya harbo jirgin saman fasinjan Iran, mutum 290 suka halaka. Na'urar Vincennes ta gano cewa jirgin saman hawa yake yi, amma babban allon bai nuna nisansa daga ƙasa ba, sai wani ƙaramin allo da ke kawo lambobi zalla, ba alamar hawa ko sauka, har ma'aikatan jirgin ruwan suka ba da rahoton cewa saukowa yake.