AMSAR WASIƘUNKU: Shin Allurar Eksosom Tana Maganin Sanƙo?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga garin Karfi, cikin Ƙaramar Hukumar Malumfashi, daga wani mai sauraronmu ɗan kasuwar hatsi wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Mun karanta ta a cikin shiri, amma lokaci bai bari mun yi bayani yadda ya kamata ba, shi ya sa muka kawo amsar a wannan shafi.

Malamin ya ce shekarunsa 34, gashinsa ya janye daga gefen goshi, tsakiyar kai kuma ta fara buɗewa, ga shi yana neman aure, abokan wasa sun sa shi gaba. Sai ƙanensa ya nuna masa wani bidiyo a waya inda ake tallar wata allura da ake kira eksosom, wai tana mayar da gashi cikin 'yan makonni. Har an haɗa shi da wani wanda ya ce zai kawo masa ita daga waje, amma kuɗin da aka yanka masa sai ya sayar da masarar da ya ajiye yana jiran kasuwa ta tashi. Tambayarsa ita ce, mene ne wannan abu, yana aiki kuwa, kuma ya sayar da masarar ko ya dakata?

To Malam, mun gode da wasiƙa. Bari in fara da ta ƙarshe: kada ka taɓa masarar nan tukuna. Ga dalili.

Eksosom ba ƙarya ba ne, akwai shi, yanzu haka ma yana yawo a cikin jininka da nawa. Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Waɗannan ƙwayoyi sukan fitar da wasu 'yan ƙananan ƙunshi, kamar ƙullin magani, ɗauke da sinadarai da saƙonni zuwa ga 'yan uwansu. Ƙullin nan shi ne eksosom. Ƙanƙantarsa ta wuce misali, domin sai ka jera kamar guda 10,000 kafin su cika milimita ɗaya, watau ɗan ƙaramin layin nan na jikin rular 'yan makaranta.

Wani abin da zai ba makiyaya sha'awa shi ne, da jinin tumaki aka yi ɗaya daga cikin binciken farko a kansa. A cikin shekarar 1983 ne wata masaniya mai suna Rose Johnstone ta Jami'ar McGill da ke ƙasar Kanada, da abokin aikinta, suka lura da waɗannan ƙulle-ƙulle suna fita daga jajayen ƙwayoyin jinin tunkiya waɗanda ba su gama nuna ba, a 1987 kuma ta raɗa musu wannan suna. Da fari an ɗauka shara ce kawai ƙwayar halitta take zubarwa. Sai a 2007 wasu masana a ƙasar Suwidin suka nuna cewa akwai saƙo a ciki, wanda idan ya isa wata ƙwayar yakan iya canza irin aikin da take yi. Daga nan ne likitoci suka fara tunanin, to idan an tattara wannan saƙo daga ƙwayoyi masu ƙarfi, aka kai shi wurin da ya raunana, ko zai farfaɗo?

Masu sayar da shi don gashi a kan wannan tunani suka dogara. Ana ɗebo ƙwayoyin halitta daga kitsen jikin mutum, ko ɓargo, ko cibiyar jariri da mabiyiya, a rena su a ɗakin bincike, a tace ruwan, a zuba a 'yar kwalba. Wasu kamfanonin ma daga tsirrai suke haɗa nasu. Daga nan sai a tsattsaga fatar kai da wata na'ura mai ƙananan allurai a shafa ruwan, ko kuwa a yi allurarsa kai tsaye. Ka lura da kyau, Malam: yawanci daga jikin wani mutum daban aka ɗebo abin da za a zuba maka.

Yanzu sai maganar ko yana aiki. A kan ɓeraye, da kuma tushen gashi da aka rena a ɗakin bincike, an ga alamu masu daɗin ji. A kan mutane kuwa, gwaje-gwajen da aka yi ƙanana ne, na mutane kaɗan, na 'yan watanni, kuma da yawansu ba a ware wasu mutanen da ba a ba su maganin ba don a kwatanta. Wannan ba ƙaramin giɓi ba ne, manomi ma ya fi kowa sanin haka. Kafin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta saki sabon irin masara cikin jerin SAMMAZ, ai sai an shuka shi gefe da gefe da tsohon iri, a wurare dabam-dabam, damina fiye da ɗaya, sa'an nan a auna buhu nawa kowane ya bayar. Idan mutum ya zo maka kasuwar Funtuwa da iri a leda, ya nuna maka hoton gona ɗaya da ta yi kyau, ba ka san ko irin ne, ko taki ne, ko ruwa ne ya yi daidai a shekarar ba. Haka abin yake a nan. Ita kanta tsattsagar da ake yi wa fatar kai takan ɗan motsa gashi ko ba a shafa kome ba, wasu kuma ana haɗa musu da wasu magunguna a lokaci guda. Hoton "kafin" da na "bayan" kuwa, haske da yadda aka taje kai kaɗai sun isa su canza shi.

Ga kuma abin da hukumomi suka ce. A watan Disamba na 2019, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, watau FDA, ta fitar da gargaɗi ga jama'a bayan wasu mutane a Jihar Nebraska sun kamu da rashin lafiya mai tsanani sakamakon yi musu amfani da kayan da aka ce eksosom ne. Ta ce babu ko ɗaya daga cikin irin waɗannan kaya da ta amince da shi a matsayin magani, ta kuma maimaita gargaɗin a 2020. A Tarayyar Turai kuwa, doka ta hana sa abin da aka ɗebo daga jikin ɗan Adam cikin kayan shafe-shafe. Idan masu kuɗin Amurka da asibitocinsu ba su tsira ba, ina ga kwalbar da ta biyo jakar matafiyi, ta kwana a tasha, ta sha zafin mota daga Legas ko Kano zuwa Karfi? Wasu nau'o'in sai cikin sanyi mai tsanani suke zama. Kai da ido ba za ka bambance shi da ruwan gishiri ba. In kuma aka yi rashin sa'a na'urar tsagar ba ta da tsabta, ga ciwon hanta yana jira, wanda ya fi sanƙo nesa ba kusa ba.

Ban ce ba zai taɓa zama magani ba. Ana nan ana bincike, mai yiwuwa wata rana a tabbatar da shi, a san adadin da za a bayar da wanda ya dace da shi. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya biya kuɗinsa a yanzu ya zama gonar gwaji ke nan, kuma shi ya sayi irin da takin.

Akwai wata tambayar da ya kamata ta riga wannan, wadda kuma ta shafi sauran masu karatu, maza da mata: wane irin zubewar gashi ne? Domin ba iri ɗaya ba ne, maganinsu ma ba ɗaya ba ne.

Kan mutum yana ɗauke da gashi kimanin 100,000. Kowane sili yakan yi shekara 2 zuwa 6 yana tsiro, ya huta kamar wata uku, ya faɗi, wani ya fito daga tushensa. Saboda haka zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Irin naka kuwa, Malam, bisa yadda ka kwatanta, ya yi kama da sanƙon gado. Akwai wani sinadarin maza da ake kira DHT, wanda a jikin masu gadon abin yakan riƙa tsuke tushen gashin goshi da na tsakiyar kai. Duk zagayen da gashin ya yi sai ya fito siriri, gajere, har ya koma kamar gashin jariri, daga bisani ya daina fitowa. Na ƙeya da na gefe ba ya jin wannan sinadari, shi ya sa za ka ga dattijo kai fes amma ƙeya cike. Gadon yakan zo ta wajen uwa ko ta wajen uba. Hula ba ta kawo shi, don Allah a bar ɗora wa hula laifi. Yawan aski kuma ba ya ƙara wa gashi kauri. Maganar sanƙon kuɗi da ake tsokana da ita, da gaskiya ce da wasunmu ba mu hawa motar haya.

Wannan nau'i yana da magunguna biyu da aka daɗe ana gwadawa. Na farko na shafawa ne, a jikin kwalinsa za ka ga an rubuta Minoxidil. Asalinsa maganin hawan jini ne, sai aka lura masu shansa gashi yana fito musu, a 1988 Amurka ta amince a riƙa shafa shi a kai. Ana shafawa kullum, sai an yi wata huɗu zuwa shida kafin a ga wani abu, ya fi aiki a tsakiyar kai bisa ga goshi, kuma ba kowa yake yi wa ba. Na biyu ƙwaya ce, Finasteride, wadda aka amince da ita don sanƙo a 1997, bayan an riga an yi amfani da ita wajen ciwon nan da ke tsare wa dattawa fitsari. Tana rage DHT. Wannan kam sai likita ya rubuta, domin wasu 'yan kaɗan takan rage musu sha'awa da ƙarfin namiji, kuma tun da aure kake nema ya kamata ka ji wannan da kunnenka kafin ka yanke shawara. Mace mai ciki ba ta sha, ko fasasshiyar ƙwayar ma kada ta taɓa, don tana iya cutar da ɗan da ke cikin in namiji ne. Dukansu biyun riƙe abin da ya rage suka fi yi, kuma ran da ka daina, cikin 'yan watanni gashin zai koma inda ya nufa. Sai ka yi lissafin kuɗin kowane wata, kamar yadda kake lissafin haya da dako. Dashen gashi da ake zuwa Turkiyya a yi, shi kuma ciro na ƙeya ake yi a dasa a gaba, ba sabon gashi ake ƙirƙira ba.

Sauran nau'o'in sun fi sauƙi, kuma su suka fi yawa a gidajenmu. Lokacin da nake koyarwar gwaji a wata firamare, da wuya in shiga aji ban ga yaro mai makero ba, kai ya yi fari-fari, gashi ya karye a zagaye. Ƙwayar cuta ce dangin funfuna, tana yaɗuwa ta aska da injin aski da mataji da hular aro. Shafe-shafe kaɗai ba ya kai wa tushen gashin, sai an sha magani irin su Griseofulvin na mako 6 zuwa 8. Idan aka bar shi ya kumbura ya yi ruwa, yakan bar tabo, inda tabo ya zauna kuwa gashi ya tafi ke nan, ba eksosom ba, ba kome ba.

Iyayenmu mata kuma, kitso mai tsauri da ƙarin gashi mai nauyi su suke cinye musu gefen goshi. Wani bincike da likitar fata Nonhlanhla Khumalo ta jagoranta a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu, wanda aka buga a 2007, ya sami wannan matsala a jikin kusan mace ɗaya cikin uku da aka duba. Idan kitso ya hana ki barci, ko ƙuraje suka fito a bakin layi, ya yi tsauri, a sassauta. In an daina da wuri gashin yakan dawo. Haka kuma maijego, ko wanda ya tashi daga zazzaɓi mai tsanani, yakan ga gashi yana zuba da yawa bayan wata biyu ko uku. Wannan yakan tsaya da kansa, sai dai in akwai ƙarancin jini, wanda gwaji a asibiti zai nuna. Akwai kuma wanda gashi ke ɓacewa a wuri guda, sumul kamar kwabo, ba ƙaiƙayi. Garkuwar jiki ce take afka wa tushen gashin, ba jifa ba ne, sau da yawa kuma yakan dawo.

To Malam, abin da zan ba ka shawara shi ne ka fara da babban asibitin Malumfashi ko na Funtuwa, ka nemi a duba kan naka, in da bukata a tura ka wurin likitan fata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Malam Aminu Kano. Duk maganin da za ka saya, ka duba lambar rajistar hukumar NAFDAC a jikinsa. Shi kuma mai allurar, in ya sake kira, ka tambaye shi daga jikin wa aka ɗebo, wace hukuma ce ta amince da ita don gashi, kuma wane likita ne zai ɗauki nauyi idan kai ya kumbura. In likita ya ɗora ka a kan magani, ka sa ƙanen naka ya ɗauki hoton tsakiyar kan a ranar farko, a tsakar gida da hantsi, ya sake ɗauka a wuri ɗaya bayan wata shida, sa'an nan ka rubuto mana abin da ka gani.

Muna gaida mutanen Karfi da kewaye, da fatan mai tambaya ya gamsu.