Anini Ɗaya a Kafaɗa: Abin da Ke Jiran Sabon Hafsan Soja Bayan Faretin Yaye

Kamar kullum, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta bari su saurara.

Duk shekara idan aka yi faretin yaye ɗalibai a NDA Kaduna, hotuna kan cika Facebook da TikTok. Uwa tana kuka, uba ya sha babbar riga, yaro ya ƙame da anini ɗaya a kafaɗa. Daga nan sai mu watse, ba mai tambayar abin da ke biyo baya. To yau kan wannan za mu yi magana, musamman saboda ƙannenmu da ke mafarkin kaki.

Mu fara raba hanya, don da yawa suna cakuɗa su. Wanda ya shiga Daffo ta Zariya kurtu ne, zai fito ƙaramin soja, ya bi layin las kofur, kofur, saje, har samanja. Hafsa kuwa hanyarsa daban. NDA, wadda aka kafa a 1964, tana ɗaukar wanda ya gama sakandare, ɗan sojan ƙasa ya yi shekara 5, huɗu na digiri haɗe da horo, ta ƙarshe horon soja zalla. Akwai kuma gajeren kwas na 'yan watanni ga masu digiri ko HND, har da wanda ake kira DSSC na masu sana'a irin su likitoci, lauyoyi da injiniyoyi. Kuma don Allah, duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya sama maka gurbi, ɗan damfara ne.

Wanda ya fito daga dogon kwas, muƙaminsa na farko shi ne laftanar mai anini ɗaya. Anini biyu cikakken laftanar, uku kyaftin. Manjo mikiya ce a kafaɗarsa, laftanar kanar mikiya da anini ɗaya, kanar mikiya da biyu, birgediya janar mikiya da uku.

Ba a gama karatu ba fa. Kowane hafsa akwai sashen da aka tura shi, kuma kowane sashe da makarantarsa. Sojan ƙafa Jaji, masu tankar yaƙi Bauchi, masu igwa Kachiya, injiniyoyi Makurɗi. Can ne ake koya masa ainihin aikin da zai yi. Wurin aiki kuma ba kai ke zaɓa ba. Ɗan Katsina zai iya tsintar kansa a runduna ta 82 a Inugu, ko ta 7 a Maiduguri inda ake fama da Boko Haram da ISWAP, ko ta 8 a Sakkwato.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. Ranar da sabon hafsa ya isa bataliyarsa, za a damƙa masa sojoji wajen 30. Shi bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba. A cikinsu akwai saje mai igiya uku wanda wataƙila ya sa kaki tun hafsan yana firamare, ya ga daji, ya binne abokai. Wannan sajen zai ƙame ya sara masa, ya ce masa "sa". Doka ce. Amma sarawar ba ta nufin ya yarda da shi.

A nan samari da yawa ke faɗuwa, kuma ta hanya biyu. Wani yana zuwa da girman kai, yana ganin tambayar saje zubar da aji ne. Sai sojoji su bar shi da iyawarsa. Ba za su ƙi umarninsa ba, amma ba wanda zai raɗa masa cewa wannan hanyar da ya zaɓa a taswira rafi ya cinye ta tun damina ta fara. Wani kuma tsoron sajen yake ji, sai ya sakar masa komai, ya zama hoto. Shi ma bai tsira ba, domin idan abu ya ɓaci, kwamandan bataliya ba saje zai kira ba. Hafsan zai kira.

Ni a ganina, wanda ya iya shi ne mai jan sajensa gefe kafin ya yanke hukunci, ya ce "ya ka gani?", ya saurara da gaske, sannan ya fito gaban sojoji ya ba da umarni da bakinsa. Idan akwai saɓani, a ɗaki ake kashe shi. Hafsa ya ci mutuncin saje a gaban kurata, ya karya sandar da zai dogara da ita ne.

Sai sanin mutanenka. Ba suna da lamba kawai ba. Wane ne matarsa ta kusa haihuwa, wane ne albashinsa ya maƙale, wane ne ya daɗe bai je gida ba, wane ne ya daina barci tun harin da ya wuce. Tsohuwar al'ada ce a aikin soja cewa hafsa ba ya cin abinci sai mutanensa sun ci. Sojoji na lura da irin wannan fiye da yadda ka iya turanci.

Abu na gaba ba ya da daɗin ji, amma yana gama mutane: sa hannu. Bindigogi, harsasai, rediyon sadarwa, duk abin da ka sa hannu ka karɓa, wuyanka ya hau. Kar ka sa hannu a kan abin da ba ka ƙirga da idonka ba, ko da wanda ka gada yana sauri zai kama mota. Bindiga ɗaya ta ɓata, magana na iya kaiwa kotun soja.

Tunda an ambaci kotu, akwai littattafan da sabon hafsa ba ya wasa da su. Na farko Dokar Rundunonin Soja, wadda ta jero laifuffuka da hukuncinsu, daga barin wurin aiki ba izini zuwa ƙin bin umarni. Ku lura, umarnin da doka ta wajabta bi shi ne halastacce. Hafsan da ya sa aka ci zarafin farar hula a shingen bincike ba zai fake da kaki ba. Na biyu kundin sharuɗɗan aiki na hafsoshi, inda ake maganar ƙarin girma, hutu da ritaya. A ciki har da batun aure. E, aure. Ƙaramin hafsa ba ya tashi kawai ya kai kuɗi gidan su yarinya, sai ya nemi izinin hukuma. Iyaye mata, a yi haƙuri da matsin lamba. Haka waya: akwai ƙa'idar soshiyal midiya, kuma hoto ɗaya daga sansani na iya nuna wa maƙiyi inda kuke.

Ƙarin girma ma ba shekaru kaɗai ke kawo shi ba. Akwai jarrabawa daga laftanar zuwa kyaftin, akwai wata daga kyaftin zuwa manjo, ga rahoton da kwamandanka ke rubutawa a kanka duk shekara. Gaba akwai Kwalejin Hafsoshi ta Jaji da aka buɗe a 1976, can sama kuma Kwalejin Tsaro ta Ƙasa a Abuja. Ana hawa kujeru na raguwa. Ba duk 'yan aji ɗaya ke zama janar ba, da yawa a kanar ko ƙasa da haka suke ajiye kaki.

Ga 'yan uwa a gida kuma, anini ɗaya ba rijiyar kuɗi ba ce. Albashi ne na mai fara aiki, a ciki zai ɗinka kaki, ya biya kuɗin mes ɗin hafsoshi, ya yi kuɗin mota zuwa gida. Idan dangi suka yi masa caa tun watan farko, ana tura shi ne ya fara kallon kuɗin abincin sojojinsa, kuma daga nan ɓarna ke somawa.

A shiri na gaba za mu duba ɓangaren sojan sama da na ruwa, don nasu muƙaman sunayensu daban ne. Wanda ke da ɗan uwa a NDA, ya tura masa wannan. Ku ajiye tambayoyinku a ƙasa. Sai mun haɗu.