Irin Shuka Amana Ne: Hakkin Manomi Da Na Mai Bincike A Ma'aunin Shari'a

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako muna so mu ja hankalin 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati ga wani al'amari wanda ya shafi tuwon da kowannenmu yake ci, watau irin shuka, da kuma wanda yake da ikon mallakarsa. Duk wanda ya san ƙasar Funtuwa da Malumfashi, tun daga Bakori da Ɗanja har zuwa Ƙafur da Ɗandume, ya san cewa tun kaka da kakanni manomi ba ya sayen iri sai bisa larura. In kaka ta yi, sai ya zaɓi zangarniyar kaura ko ta farfara wadda ta fi ƙosawa, ya ɗaure dami, ya ajiye a rumbu, in maƙwabcinsa ya rasa ya ɗiba masa. Wannan dabara ta barin hatsi a cikin zangarniyarsa, ita ce Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya koya wa mutanen Masar, kamar yadda ya zo a aya ta 47 ta surarsa.

Al'amura sun fara sakewa tun daga shekarar 1975, lokacin da aka buɗe Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya. Takin zamani da ingantaccen irin masara suka shigo, har masara ta mamaye gonaki da yawa waɗanda a da dawa da gero ake shukawa. An sami alheri, babu musu, domin amfanin gona ya ƙaru. Amma daga baya iri mai aure ya yaɗu, wanda in aka sake shuka 'ya'yansa albarkarsa takan ragu, saboda haka tilas manomi ya koma kanti kowace damina.

A shekarar 2021 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Kare Sababbin Nau'o'in Tsirrai, wadda aka tsara bisa yarjejeniyar ƙungiyar UPOV ta 1991. Dokar ta ce wanda ya ƙirƙiro sabon nau'in iri, mai bambanci da sauran, wanda siffarsa ɗaya ce kuma ba ya rikiɗewa, yana iya yi masa rajista, sa'an nan ba mai yawaita shi ko sayar da shi a matsayin iri sai da izninsa, har tsawon shekara 20, ko 25 in itace ne. Abin da mutum ya shuka don cin gidansa, ba don ciniki ba, dokar ta togace shi.

To, mene ne matsayin Musulunci a nan? Shari'a ba ta yarda a ci gumin kowa ba. Majalisar Malaman Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait cikin watan Disamba 1988, ta yanke cewa hakkin wallafa da na ƙirƙira dukiya ne wadda Shari'a ta kare, bai halatta a yi mata ta'adi ba. Saboda haka masanin da ya yi shekaru a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, yana aurar da tsirrai har ya fito da irin dawa ko na wake mai jure fari da ƙwari, ya cancanci ladan wahalarsa. Ɗan kasuwar da ya auno tsabar masara a kasuwa, ya rina ta, ya zuba a buhu mai tambarin wani kamfani, ya zalunci mai tambarin, ya kuma zalunci manomin da zai yi asarar damina guda. Wannan shi ne algus ɗin da Manzon Allah ya tsawatar a kansa ranar da ya sa hannu cikin tarin hatsin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa.

Sai dai ma'auni yana da gefe biyu. Mai bincike bai halicci ƙwaya ba, aya ta 63 da ta 64 na Suratul Waƙi'a sun tuna mana cewa namu shuka ne kawai, Mai tsirarwa Allah ne. Kuma abin da masani yake aiki a kansa, yawanci daga irin da manoma suka daɗe suna zaɓa ya samo shi. Kaura da maiwa da riɗi da gujiya da waken gargajiya, aikin dubban talakawa ne waɗanda ba a rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Irin gado ba ya cika sharuɗɗan rajista, domin ba sabo ba ne, kuma a gona guda ma siffarsa takan bambanta. Ma'anar wannan ita ce dokar ba ta hana kowa shuka shi ba, amma kuma ba ta ba shi wata kariya ba, ba ta kuma yanka wa masu shi wani rabo ba in aka ɗauke shi aka gyara aka sayar. Wannan giɓi ne ya sa Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka ta fito da dokar koyi a shekarar 2000 don kare hakkin al'ummomi da manoma, kuma yarjejeniyar Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2001, a sashenta na 9, ta amince da hakkin manoma da gudummawarsu wajen adana iri.

Hatsarin da muke hange shi ne irin gado ya ɓace da kansa, ba da dokar kowa ba, sai don an daina shuka shi. Ranar da rumbu ya zama babu iri, to, mai kanti ne zai yanke wa manomi ranar shuka da abin da zai shuka, kuma Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Saboda haka muna kira ga 'yan kasuwar hatsi da su ji tsoron Allah, su faɗa wa mai saye gaskiyar irin da ke cikin buhu, mai aure ne ko wanda ake iya ajiyewa, su kuma ci gaba da sayen kaura da farfara da farashi na adalci, domin abin da kasuwa ta ƙi, manomi ba zai shuka ba. Malaman gona da sauran ma'aikata, amana ce a wuyansu su fassara wa manoma wannan doka da Hausa, kada wani ya tsorata talaka da ita a kan abin da ba ta hana ba. Masu hali da limamai kuwa, muna ba su shawara su kafa rumbun iri na waƙafi a garuruwansu, inda za a adana irin gado, a ranta wa mabukaci da damina ya mayar da kaka mudu da mudu ba tare da ƙari ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu kasance masu riƙon amana, amin.