Gurɓatar ruwan famfo bayan gobarar daji a Amurka

Gurɓatar ruwan famfo bayan gobarar daji wata matsala ce da ta fito fili a birnin Santa Rosa na jihar Kalifoniya, bayan Gobarar Tubbs ta watan Oktoban 2017. Da aka gwada ruwan unguwar Fountaingrove, sai aka samu sinadarin benzin a ciki. Benzin na cikin man fetur, kuma yana haddasa kansar jini. Dokar tarayyar Amurka ta amince da kashi 5 cikin biliyan kacal a ruwan sha, ta Kalifoniya kuma kashi 1, amma a wani wuri a Santa Rosa an auna 40,000.

Garin Paradise

A ranar 8 ga Nuwamba 2018 Gobarar Camp ta cinye kusan dukan garin Paradise. Mutum 85 suka rasu, gine-gine sama da 18,000 suka ƙone. Waɗanda gidajensu suka tsira sun dawo sun tarar ruwan famfo ba ya shayuwa. A 2019 hukumar ruwan garin ta nemi taimakon Andrew Whelton, farfesan injiniyan muhalli a Jami'ar Purdue da ke jihar Indiana, tare da abokan aikinsa.

Yadda gubar ke shiga

Masanan sun nuna hanyoyi biyu. Idan gidaje da yawa suka ƙone, bututunsu na fashewa, ƙarfin ruwa ya ragu, sai bututun ya zuƙo hayaƙi ciki. Ta biyu ta fi wuyar ganewa: bututun roba ba sai ya narke ba, zafi kaɗai na sa ya saki benzin. Robar kuma tana shanye sinadarin, ta riƙa sakinsa sannu a hankali na tsawon watanni, shi ya sa wanke bututu sau ɗaya ba ya wadatarwa.

Saboda haka suka ba da shawarar a bar ruwa ya kwana uku a bututu kafin a ɗebi na gwaji, don wanda aka ɗiba nan take na iya nuna babu komai. Sun kuma gargaɗi mutane kan tafasa ruwan, domin benzin na tashi da tururi a shaƙe shi.

An yi amfani da wannan ilimi bayan Gobarar Marshall a Kolorado a 2021, da ta garin Lahaina a Hawai a 2023.