Daga Huhun Goro Zuwa Leda: Abin Da Ya Kamata 'Yan Kasuwar Kurmi Su Sani Kan Ƙunshin Kaya

A da, goro na isowa kasuwar Kurmi ne cikin huhu, lulluɓe da ganye, mai sayen hatsi kuma da ƙwaryarsa yake zuwa. Yau kusan duk abin da aka saya a cikin birnin Kano da leda ake fita da shi. Ƙarshenta kwata, inda take toshe magudanan da ke gangarawa Jakara. Da damina ta sauka sai ruwa ya koma cikin lunguna, gidajen ƙasa su fi kowa jin jiki.

Doka ta fara motsi. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan sharar roba, a 2024 kuma ta hana ma'aikatunta amfani da robobin da ake yarwa bayan amfani ɗaya. A Janairun 2024 jihar Legas ta haramta farar robar nan mai kama da soso ta zuba abinci. Ita kuwa hukumar NESREA tana da tsarin da ya ɗora wa kamfani alhakin tattara ƙunshin kayansa bayan an gama da shi.

Kamfanonin waya ma sun bi sahu. A 2021 Apple ya cire ledar da ke rufe kwalin iPhone 13, ya ce hakan zai rage tan 600 na roba.

Ga ƙaramin ɗan kasuwa, jagora na nan a gindin robar: wata lamba cikin alama mai kusurwa uku. Lamba 1 ta goran ruwa da lemo ce, 2 ta jarka, 5 ta bokiti da kwanon roba. Waɗannan 'yan jari-bola na tsinta, a niƙa, a narke, a sake ƙera wani abu. Lamba 4, irin ledar fiya wata, ita ma tana narkuwa, amma ba ta da nauyi, sai an tara da yawa take kuɗi. Lamba 6, wato farar robar abinci, da wuya a samu mai sayenta. Haka ledar madarar gari da aka manne da gwangwani, domin raba su aiki ne ja.

Saboda haka mai shagon da ya zaɓi kwali, takarda ko roba mai lamba 1, 2 ko 5 ya rage wa kwatar unguwarsu nauyi, kuma ko irin dokar Legas ta iso Kano, ba za ta same shi da tulin hajar da aka haramta ba.