Ba kowace ambaliya ce daga Lagdo ba

Da zarar malka ta kankama a watan Agusta, sai saƙon nan ya fara yawo a wayoyi: Kamaru ta buɗe dam, kowa ya yi ta kansa. Wani lokaci muryar wani ce yana haki, wani lokaci bidiyon ruwa ne yana cin gada, ba a san gadar ina ba ce, ba a san ko ta wace shekara ba ce. Na Haɗeja ya tura wa na Gusau, na Gusau ya tura wa na Maraɗi, kowa na cewa Allah ya kiyaye. Amin. Sai dai a cikin zancen akwai gaskiya, akwai ƙarin gishiri, akwai kuma abin da ko kusa bai faru ba.

Madatsar ruwa ta Lagdo tana nan a kan kogin Binuwai, kimanin kilomita 50 daga Garwa a Kamaru, an kammala ta a 1982. Idan tafkinta ya cika ya batse, dole a saki ruwa, don in aka ƙi, bangon ne zai tafi, abin da zai biyo baya kuwa ya fi muni. Ruwan da aka saki yakan bi ta Yola da Numan da Ibi da Makurɗi, ya haɗu da kogin Kwara a Lokoja, ya gangara Anambra da Delta da Bayelsa. A 2012, shekarar da ambaliya ta kashe mutum 363 ta raba sama da miliyan biyu da gidajensu, an saki ruwan Lagdo. A 2022, da mutum fiye da 600 suka rasu, nan ma an sake shi. Saboda haka mai gona a fadamar Binuwai da ya ji sanarwa ya kwashe iyalinsa da awakinsa ya hau tudu, bai yi wauta ba. Gaskiya ne kuma cewa madatsar Dasin Hausa da aka tsara yi a ƙaramar hukumar Fufore ta jihar Adamawa, don ta tare rarar ruwan, har yau ba a gina ta ba.

Ƙarin gishirin shi ne a ɗora wa Lagdo dukan laifin. Kafin Binuwai ya isa Lokoja yakan kwashi ruwan Faro, da Gongola, da Taraba, da Donga, da Katsina-Ala, kowannensu cike da ruwan saman da ya sauka a tsaunukan yankin. A 2022 ministan albarkatun ruwa na lokacin, Suleiman Adamu, ya ce kason Lagdo a ambaliyar bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ni dai ba zan rantse a kan wannan lissafi ba, domin abin da ruwan Lagdo yake yi wa mutumin Jimeta da ke kusa da shi daban yake da abin da yake yi wa na Bayelsa. Amma jigon maganar yana nan: ko da an rufe Lagdo ruf, shekarar da sama ta zubo da ruwa irin na 2022 Binuwai zai yi ambaliya.

Sai mu zo kan abin da ba shi da tushe. Lokacin da ruwa ya shanye Maiduguri a ranar 10 ga Satumba 2024, ya shiga Gwange da babbar kasuwa da fadar Shehu da asibitin koyarwa, har namun dajin gidan zoo na Sanda Kyarimi suka fita gari, an samu masu cewa Kamaru ce. Ruwan Lagdo ba shi da hanyar zuwa Maiduguri. Binuwai yamma yake nufa sannan ya yi kudu zuwa teku, shi kuwa Ngadda, wanda ya ratsa Maiduguri, daga wajen dajin Sambisa yake fitowa ya nufi tafkin Chadi. Abin da ya ɓalle shi ne madatsar Alau, wadda aka gina a shekarun 1980 ƴan kilomitoci daga garin, wadda kuma ta taɓa jawo irin wannan masifa a 1994. Ta gida ce, kula da ita kuma haƙƙin na gida ne.

Haka zancen yake a Jigawa da Yobe. Ruwan da ke cin Ringim da Auyo da Haɗeja na kogin Haɗeja ne, wanda madatsun Tiga da Challawa a jihar Kano suke bisansa. Wanda ya taɓa shiga fadamun wajen Nguru ya ga yadda kacalla ta tsaya ta fi mutum tsawo, ta cushe hanyoyin ruwa, yashi da laka suka taru a gindinta, har kwale-kwale ba ya samun wurin wucewa. Ruwan da bai samu hanyarsa ba sai ya bi ta gonar shinkafa, daga nan ya shiga gari.

Wata jita-jitar ta masu ɗan karatu ce. Sun ji ana cewa ƙanƙarar kan tsaunuka na narkewa saboda ɗumamar duniya, sai suka haɗa ta da ambaliyarmu. Narkewar gaskiya ce. Dutsen Kilimanjaro ya rasa sama da kashi 80 cikin ɗari na ƙanƙarar da ke kansa tun 1912, kuma ruwan da ke narkewa daga Girinlan da sauran wurare yana cikin abin da ya ɗaga teku da kusan santimita 20 tun 1900, lamarin da ya shafi Legas kai tsaye. Amma ko ɗigo ɗaya na ruwan ƙanƙara ba ya shiga Kwara ko Binuwai. Kwara daga tsaunukan Gini yake tasowa, Binuwai daga tudun Adamawa na Kamaru, duk ruwan sama ne. Masu musun ɗumamar duniya su ma suna da tasu makamar: rahoton kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2007 ya ce ƙanƙarar Himalaya na iya ƙarewa nan da 2035. Kuskure ne, kwamitin ya amsa shi a 2010, sai dai ƙanƙarar ba ta fasa raguwa ba don an yi kuskuren shekara.

To ina hannun sauyin yanayi a ambaliyar tamu? Akwai masu ganin kalma ce kawai da hukumomi ke fakewa da ita idan sun gaza, kuma ba za a ce ba su da dalili ba, don an sha yin hakan. Amma awon masana bai goyi bayan musun ba. Iska idan ta ƙara zafi da digiri ɗaya, tana iya ɗaukar ƙarin danshi kusan kashi bakwai cikin ɗari, abin da ta ɗauka kuwa sai ta sauke. Wani bincike da Christopher Taylor ya jagoranta, wanda mujallar Nature ta buga a 2017, ya duba hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, ya gano cewa manyan hadarurruka masu ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun 1982, kuma ya danganta haka da ƙaruwar zafin hamadar Sahara. Bayan ambaliyar 2022, ƙungiyar masana ta World Weather Attribution ta ƙiyasta cewa ɗumamar duniya ta ninka yiwuwar damina mai irin wannan ruwa a yankin tafkin Chadi kusan sau 80, ta kuma ƙara mata ƙarfi da kusan kashi 20 cikin ɗari.

Akwai kuma abin da ya daɗe yana ba masanan ruwa mamaki a Nijar. A lokacin farin shekarun 1970 da 1980, ruwan sama ya ragu, amma ruwan da ke kwarara cikin koguna ya ƙaru. Dalili shi ne an sare itatuwa, an nome daji, ƙasa ta yi fako, ta daina shan ruwa, ko yaya aka yi shi sai ya bi kwari da gudu. Shi ya sa Yamai ke ganin cikar kogin Kwara sau biyu a shekara. Ruwan Gini yakan ɓata watanni yana ratsa fadamun Mali, sai cikin sanyi, wajen Janairu, yake isowa a hankali. Wanda ke rushe gidaje shi ne na damina, ja wur da laka, wanda Sirba da Dargol da Gorouol ke kawowa daga ɓangaren Burkina Faso. Shi ne ya kai kogin kusan mita 7 a Satumban 2020, ya fasa shingen da aka yi wa unguwannin bakin ruwa.

A cikin gari kuwa, sau da yawa ba a ma bukatar kogi. Kwalbatin da leda da yashi suka toshe, da gidan da aka dasa a kan hanyar ruwa, da kududdufin da aka cike aka yanka filaye, sun isa su sa ruwan awa biyu ya kai gwiwa a tsakar gida. Hukumar NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara kafin damina ta yi ƙarfi, da sunayen jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, NiMet kuma tana fitar da nata na ruwan sama. Waɗannan da wuya ka ga an tura wa wani a waya.