Su Wa Ke Kallon Ƙwallon Kwando a Kwalejojinmu?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin filin ƙwallon kwando na wata kwaleji, tsakanin La'asar da Magariba, zai lura cewa galibin 'yan kallo ɗalibai ne, magidanta da iyalansu kuwa sai jefi-jefi. Sababin haka a fili yake. Filin yana can cikin harabar makaranta, bayan ƙofa da maigadi, alhali kuwa mutumin Gumel ko Gagarawa, wanda ya saba da dandalin dambe da kokawa, inda kiɗa ke kiran kowa da kowa, bisa al'ada ba ya kutsa kai inda ba a gayyace shi ba, ballantana ranar Alhamis, lokacin da kasuwar dabbobi ta Maigatari ke ɗauke hankalin jama'a.

A Amurka, inda aka ƙirƙiro wasan a 1891, jami'o'i kan keɓe wa ɗalibai sashe guda, su sayar wa mutanen gari sauran kujeru, saboda haka ko ɗalibai sun tafi hutu ba a rasa 'yan kallo.

Lalle akwai maslaha idan makarantu irin su Kwalejin Ilimi ta Gumel suka riƙa sanar da ranar wasa ta bakin masu unguwanni, su kuma tanadar wa mata da yara wurin zama a inuwa.